Sojojin da Ba Su da Fuska

Gamboru, Maiduguri.

Zuwa ga Nasidi, a Kurna, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya jiki, yaya ƙafar da ke damunka tun muna tare? Yaya yaran da suka kwashe ka suka ajiye a ɗaki? Wushe, wushe, gaisuwar yarenmu, kamar yadda kake kwaikwayon bakina kana dariya. Mu nan ƙalau muke, sai zafin gari da ya hana kowa sakat.

Ka san ban yi boko ba, ba kuma yau zan fara ba. Malama Phebe ce ke riƙe da biro, matar marigayi Yoila ta bayan katangarmu, wadda ta koyar da yaranmu a firamare. Na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta wanke. Na so in kira ka a waya, aka ce kunnen ya tafi gaba ɗaya, sai dai takarda.

Kada ka ɗauki wannan a matsayin sulhu. Ban manta ba. Shekarar da gari ya rikice ka loda kayanka ba ko sallama, ka tafi da uwar tukunyar biki, wadda muke dannawa a ƙasar zubi, wadda ni da kai muka sha wuya kafin ta fito daidai. Har yau in an zo neman babbar tukunya sai in ce a je Kano a tambayi ɓarawo. Malama ta ɗaga biro a kan wannan kalmar, na ce ta sa. Na rubuto maka ne don duk waɗanda suka san mene ne wutar maƙera sun mutu, kai kaɗai ka rage.

Abin da aka yi maka shi ake shirin yi mini. Kwanakin baya na zuba narkakken alminiyam a ƙasar da ruwa ya yi wa yawa, ta tofo shi, ya ƙone ni a ƙauri. Wa bai taɓa yi ba? Kai ma akwai tabo a hannunka. Sai kuma wata rana na taso daga Kasuwar Litinin na kasa gane lungunmu, wani mai keke napep ya yi ta yawo da ni har aka samu wanda ya san ni. Tun ambaliya ai an sauya wa unguwar kamanni, an rushe nan an gina can, amma ba wanda ya saurari wannan. Ɗana Tahir ya ɗauke ni sai asibiti. Likitan, yaro ne da gemunsa bai gama fitowa ba, ya tambaye ni yau wace rana, kamar shi ba shi da kalanda a bango. Ya ce mantuwar tsufa ce ta fara, a nesanta ni da wuta. Shi ke nan Tahir da matarsa Khairat suka shafe wani ɗaki da fenti a bayan gidansu na Bulumkutu, suka ce in rufe maƙera in koma can. Ɗakin har da fanka. Na je na gani, ya yi kama da inda ake ajiye gawa kafin dangi su taru.

To ga abin da ya sa na ce a rubuto maka. Tahir yana da wani wasa da yake yi da abokansa duk Asabar bayan la'asar. Wani Bature da suka yi aikin agaji tare ne ya bar musu shi da zai tafi. Tebur ne babba, an shimfiɗa koren mayafi, an yi tsaunuka da soson katifa, an kakkafa itatuwa na tsinke. Sai sojoji 'yan ƙanana kamar babban yatsa, masu ƙafa, masu doki, da masu igwa. Runduna biyu, ɗaya da dogayen huluna, ɗaya da gajeru. Ana auna tafiyarsu da tef irin na tela, ana jefa ƙwayar lido a ga wanda harbi ya samu. Manyan mutane masu albashi da iyali, Nasidi, a tsaye a kan 'yan tsana har magariba. Na tambaya ko caca ce, suka rantse ba a ajiye ko sisi.

Sojojin sun yi musu kaɗan, wasu sun karye, kuma ba a sayar da su a nan. Sai ga Tahir a maƙera da wasu a cikin hankici, yana tambaya ko zan iya zuba irinsu. Wannan yaron da tun yana sakandare yake zagayawa ta bayan layi don kada abokansa su gan shi da uba mai baƙin gawayi. Ban nuna masa komai ba, amma ranar ban iya cin tuwo ba don daɗi. Na nemo dalma, na tankaɗe ƙasa har ta yi laushi kamar garin kwalli, na zuba su suka fito har da maɓallan riga.

Sai dai na sa magagari na goge kan kowane ɗaya, fuska da hula duka, ya zama sumul kamar ƙwan zabo. Ni ba zan ƙera abu mai ido da hanci a ajiye a gidan da jikokina ke kwana ba. Wanda Bature ya ƙera, shi da Ubangijinsa. Tahir ya riƙe kai, ya ce yanzu ta ina za a gane na wa da na wa, ta ina za a san inda soja ya dosa, alhali rabin wasan a kan haka yake. Na ce a ɗiga jan fenti a gaba, a shafa wa gindin runduna ɗaya fari, ɗaya baƙi. Ya yi haka yana ƙunƙuni.

Ranar da na kai musu, na tsaya kallo. Na tambayi me ya sa masu doki suka tsaya a bakin daji. Tahir bai ko ɗago ba, ya ce:

"Baba, bar shi kawai. Dokokin littafi guda ne, da Turanci. Mu ma sai muna dubawa."

A gaban abokansa ya faɗa. Na ce to, in na ɗauke littafin nan duka a kaina, na tsaya na yi wasa da kai ba takarda, akwai wanda zai sake cewa kaina ya lalace? Akwai wanda zai taɓa mini maƙera? Ya yi dariya ya ce babu. Abokinsa Garzali, wani dogo mai aikin banki, ya ce shi shaida ne. Su wasa suka ɗauka. Ni na riƙe shi alkawari. Ya zaro wani littafi da ya ji jiki daga ƙarƙashin tebur ya ba ni, ga shi nan a cinyar Malama.

Ka yi mini addu'a, ko da yake ban san ko ta ɓarawo tana hawa ba. Ka gaida mutanen gidan.

Naka, wanda bai huce ba,
Ajimi Maƙeri.

*

Gamboru, Maiduguri.

Zuwa ga Nasidi.

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, kai da duk wanda ke ƙarƙashinka, ko in ce waɗanda kake ƙarƙashinsu. Direban motar Kano da na ba wa takardar ya kawo amsarka. Layi uku kacal, rabinsu dariya. Ka ce tsufa ya mai da ni mai wasan 'yar tsana. Ban ga inda ka ambaci tukunyar ba. Na lura.

Ruwa ya sauka a nan, dalbejiyar ƙofar gida ta yi kore, maƙera tana yoyo ta kusurwar da kake zama. Aiki ya ja baya, don haka kullum da hantsi Malama takan ɗauko kujerarta ta zauna a inuwa, ta karanta littafin ta juya mini da Hausa. Ita ma wahala take sha. Ta ce Turancin ba irin wanda ta koyar ba ne, kowace doka tana da 'ya'ya, kowane ɗa yana da sai dai in kaza. Wani lokaci takan rufe littafin ta ce, Baba Ajimi, wanda ya rubuta wannan bai da aikin yi. In ce mata ci gaba, ba ra'ayinki na tambaya ba.

Ga yadda nake yi. Na ajiye tef ɗinsu, na auna da hannuna. Tafiyar mai ƙafa taƙina guda ce cif, ta mai doki biyu. Sai na ɗora kowace doka a kan juyin gargaren da muke hura wuta da shi, yadda muke yi da waƙa lokacin da muke yara a gaban zuga-zugi. Ina juyawa ina cewa:

Mai ƙafa taƙi guda, mai doki taƙi biyu,
daji ya cinye rabi, kogi ya cinye duka.
A taka, a harba, a gwabza, a duba zuciya.

Layin ƙarshen nan shi ne jerin yadda ake bi in juyi ya zo kanka. Ka fara matsar da mutanenka, sannan harbi, sannan waɗanda suka haɗu su gwabza, sannan a duba zuciya. Wannan ta ƙarshen ita ta fi burge ni. In rabin ƙungiya ya faɗi, sai a jefa ƙwaya. In ta ba da ƙasa, wato ƙaramar lamba, sauran su juya su gudu, ko da ba wanda ya taɓa su, kuma duk ƙungiyar da ta ga gudunsu ita ma sai an duba tata zuciyar. Da Malama ta karanta wannan na ce ta tsaya. Wanda ya rubuta ya san mutane. Haka layinmu na maƙera ya watse. Ba a harbi kowa a maƙera ba, amma da Mikail mai walda ya tafi sai na kusa da shi ya tafi, sai kai. Ni kaɗai ƙwayata ta ba da sama, ban san ko sa'a ce ko rashinta ba.

Akwai kuma dokar baya. Sojan da aka auka wa ta inda bai dosa ba, ba ya ramawa. Don haka jan ɗigon nan da na sa aka yi shi ne ran wasan. Wannan na riƙe ta da kyau.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ban faɗa wa Tahir ba, Malama kuma ta yi mini alkawarin ba zai fita daga bakinta ba. Da safe dokokin suna nan reras. Kafin azahar sai in ji sun fara zuba kamar tukunyar da ƙasa ta ci gindinta. In na kamo dokar igwa sai ta daji ta sulale. In koma in ɗauko ta, in tarar wata ta fita ta ƙofar baya. Wannan da sauƙi, maimaici ne maganinsa, ina yi har maƙwabta sun fara leƙowa. Abin da ya tsorata ni daban ne. Na lura duk abin da na cusa, sai wani abu da ke ciki tun da ya ba shi wuri. Shekaranjiya na nemi sunan ƙauyen su Zainaba, matar da na zauna da ita har na sa ta a kabari da hannuna, na rasa. Malama ce ta tuna mini.

Ranar Laraba kuma liman bai zo magariba ba a masallacin layi, aka tura ni gaba kamar kullum. Na karanta Fatiha, na kama wata gajeriyar sura da na haddace tun ban yi kaciya ba. A tsakiya ta tsaya cak. Na laluba, abin da ya taso mini a maƙogwaro shi ne mai doki taƙi biyu. Allah ya rufa asiri ban furta ba. Wani daga sahun baya ya ɗora mini ayar, na kama na ƙarasa. Bayan sallama kowa ya kama gabansa, haka ake yi, ko babban malami ana ɗora masa. Amma na daɗe zaune a kan tabarma ni kaɗai. Na ce, Ajimi, me kake saya, da me kake biya?

Malama ta ce in bar abin haka nan, ta ce ɗakin Bulumkutu ba kurkuku ba ne, ita ma 'yarta tana kiranta Jos. Na ce ta tafi mana, wa ya riƙe ta. Ta yi fushi ta ɗauke kujerarta, washegari ta dawo da kunu. In na bari yanzu, na yarda da maganar yaron likitan nan ke nan. Gara in ƙarasa. Na aika wa Tahir cewa Asabar ta bayan sallar layya ina zuwa.

Kai da aka riga aka ajiye, gaya mini gaskiya, hannunka ba ya neman awartaki da safe? Ka amsa wannan, ka kuma amsa zancen kayan da ka tafi da shi.

Ka huta lafiya.
Ajimi.

*

Gamboru, Maiduguri.

Nasidi,

Assalamu alaikum. Barka da sallah, Allah ya maimaita mana, in akwai amfanin maimaitawar. Ina fatan kun yi lafiya. Ni jikina lafiya lau, shi ne ma abin haushin.

Na je. Na sa farar rigata da hular da Zainaba ta saya mini, na hau keke napep ni kaɗai, na sauka daidai ƙofar gidan ban ɓata ba. A hanya ina ta juya gargare a zuciyata, komai yana nan, tun daga tafiya har duba zuciya. Ban taɓa jin kaina garau kamar ranar ba. Khairat ta kawo ruwa da naman sallah, jikoki suka gaishe ni, aka ba ni runduna mai baƙin gindi, Tahir ya ɗauki mai fari. Garzali da wasu biyu suka ja kujeru.

Juyin farko na buɗe hannu na auna taƙi na matsar da masu ƙafa. Garzali ya ce ai sun fi haka tafiya. Na ce taƙi guda ne. Na kawo masu doki bakin daji na rage rabi, ya ce daji ba ya rage wa doki komai yanzu. Na ji kalmar yanzu amma ban gane ba. Na zagaya ta bayan mutanen Tahir na ce ba su da ramuwa, sai suka kalli juna. Irin kallon da aka yi a asibiti. Gumi ya karyo mini. Na ce a cikin raina, shi ke nan, abin ya zube ban sani ba, watannin nan duka iska na haddace.

Sai Tahir ya dafe goshi ya ce laifinsa ne. Wai waɗanda suka ƙirƙiro wasan, can ƙasarsu, sun fitar da sabuwar doka tun bara, a waya take, ita suke bi. Littafin da ya ba ni tsoho ne, shi ya sa ma yake ƙarƙashin tebur. Bai zaci zan karanta ba balle ya tuna ya gaya mini. A sabuwar an soke dokar baya gaba ɗaya, soja yana ganin ko'ina, jan ɗigon ba shi da sauran aiki.

Nasidi, ka taɓa jin dokar da ake sakewa kamar riga? Abin da muka haddace muna yara, yau ma haka yake, gobe ma haka. Yadda ubana ya koya mini haɗa ƙasa, haka na koya maka. Wannan kuwa wani yana zaune a inda ban sani ba, ya ga dama ya goge abin da na sayar da sunan ƙauyen matata na saya. Na faɗa musu haka, da ƙarfi, har Khairat ta leƙo ta janye yara. Na ɗauki hulata zan fita.

Tahir ya riƙe ni. Ya ce a ajiye waya, a yi da tsohuwar doka, ai da ita suka fara, kuma ni ne alƙali tunda ni na fi kowa riƙe ta. Na zauna. Amma fushin ya riga ya girgiza tukunyar. Ina jin dokokin suna yawo a kaina ba su zauna a mazauninsu ba. Duk da haka na ci gaba, kuma abin mamaki duk abin da na faɗa sai a ce haka ne. Na ce igwa tana harbi kafin a taka, aka ce haka ne. Zuciyata ta ɗan yi ɗar, don waƙar ta ce a taka a harba, amma ba wanda ya musa, sai na bar shi.

Can wasa ya yi zafi, runduna ta cakuɗe a gindin tsauni. Na hango masu doki a tsaye a gefe, ga igwa a gabansu ta ba su baya. Na ce yau ga ranar dokar baya. Na kwashe su taƙi biyu na auka wa igwar, na jefa ƙwaya ta ba da sama, na kwantar da masu igwar duka. Na ga Garzali ya buɗe baki. Na ga Tahir ya taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na gani da idona, amma daɗi ya hana ni tsayawa in tambaya. Aka tafa. Tahir ya ce rundunarsa ta karye, Baba ya ci. Ya ce a gaban kowa:

"Alkawari ya cika. Maƙera taka ce, ba mai sake yi maka zancen ɗaki."

Na yi ta dariya kamar yaro, har na tsokani Garzali na ce banki ma haka kuke lissafi.

Da aka zo kwashe kaya, kowa yana mayar da nasa a kwali, ina zaune ina shan ruwa. Sai na ga Tahir ya tattara masu dokin nan da na yi nasara da su yana jera su a kwalinsa. Ya kifa ɗaya, na ga gindin fari ne. Na duba igwar da na kashe, tana kwance a gabana, gindinta baƙi. Dawakinsa na ɗauka na karkashe mutanena da su, mutum huɗu masu hankali suna kallo, suka tafa mini.

Ni na zuba su duka, ni na goge kawunansu, daga sama ba ka bambanta su. Malama ta ce da na bar hulunan da hakan bai faru ba. Wataƙila. Ban yi nadamar gogewar ba, gobe ma haka zan yi. Kuma fentin yana nan a gefen gindin, yaro ƙarami zai gani. Ni ne na manta wane launi ne nawa.

Ban ce masa na gane ba. Ya kawo ni gida a motarsa yana ta hira, ya ma tambayi yadda ake tankaɗe ƙasa, abin da bai taɓa tambaya ba. Ni kuwa masallacin layi nake tunawa. A can da na tsaya, wani ya ɗora mini, don yana ganin sallar da nake ja salla ce, kuma ni mutum ne da za a gyara wa. Ɗana bai gyara mini ba. Da ya ce Baba, ajiye, dokina ne, da na ji kunya na kwana ɗaya na warke. Yadda ake barin jariri ya ci kokawa, haka aka bar ni.

Ba ni da abin ƙarawa yau. Malama ma ta ce hannunta ya gaji, na san ba hannun ba ne.

Ajimi.

*

Bulumkutu, Maiduguri.

Zuwa ga ɗan'uwana Nasidi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya daɗe bai ga nasa ba. Yaya ƙafa, yaya sanyin damina a wajenku? Ka ga sunan unguwar da ke saman takardar, ba kuskuren Malama ba ne. Ta hau keke tun daga Gamboru ta zo duba ni, na ce tunda ta zo ta zauna ta ɗauki biro.

Ba wanda ya kore ni. Tahir ya tsaya a kan maganarsa, har ya aiko a gyara yoyon maƙera. Na yi kwanaki ina buɗewa ina zama, ban hura wuta ba. Duk sanda na kai hannu ga gargare sai in tambayi kaina, yau kuma dokin wa zan ɗauka? A tebur dalma ce ta faɗi aka tashe ta. A maƙera yaran layi suna shigowa kallo, wuta kuma ba ta tafa wa kowa. Ban kuma iya zama a wurin da aka ba ni don tausayi ba, alhali na ce da kaina zan ci shi. Ranar Juma'a bayan masallaci na kulle, na kawo wa Tahir makullin na ajiye a kan koren mayafin. Na ce ban ci ba, kai ma ka sani. Bai yi musu ba. Ya sunkuyar da kai ya ce in yafe masa. Na ce in dokinka ne, ka riƙa faɗa.

Ɗakin ba laifi. Fankar tana aiki in akwai wuta. Khairat tana da kirki, ta fi ƙarfin abin da nake faɗa a kanta. Da safe hannuna yana tashi kafin ni, yana laluben awartaki a gefen katifa. Ka ga na amsa wa kaina tambayar da ka ƙi amsawa.

Ran Asabar idan abokansa sun tafi, Tahir yakan shigo da faranti da 'yan sojoji kaɗan da tsohon littafin, mu yi a kan tabarma. Yanzu yana gyara mini, wani lokaci. Ban san wanne yake bari ya wuce ba, kuma na daina iya kamawa. Waƙar tana nan, ita ba ta tafi ba. Jikokina sun ɗauke ta suna tsalle da ita a tsakar gida, dokar da duk duniya ba mai bin ta sai ni.

Ga abin da ya sa na ce a rubuto. Jiya na zauna ina jin haushinka, yadda na saba, haushi mai kyau, mai ɗumi, wanda ya riƙe ni shekara da shekaru. Sai na juya in dubi dalilin, na tarar babu. Na san ka yi mini wani abu. Na san babba ne. Na bi maƙera kusurwa kusurwa a kaina, na ga wurin zamanka, na ga tabon hannunka, ban ga abin ba. Malama ta ce ta sani, ita ta rubuta shi da hannunta, ta buɗe baki za ta faɗa na hana ta. Ba daga bakinta nake so ba.

Ka rubuto ka gaya mini abin da ka yi mini. Kada ka rage, kada ka gyara shi ya yi kyau, kada ka ce ba komai don ka ji an ce ba ni da lafiya. Duk gidan nan lallaɓa ni ake yi. Kai kaɗai ka rage da za ka iya faɗa mini magana yadda take. Ka yi sauri, direban yana tashi ran Litinin, kuma ban san me zai fita gaba ba.

Ka gaida yara. Allah ya sa mu gana.

Naka,
Ajimi, na layin maƙera.